Wasa Aikin Yaro Ne: Yadda Jinya Ta Hanyar Aiki Ke Taimakon Girman Yara

Gabatarwa

Ƙofar Guga na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, kuma ta nan hanya ta fita zuwa Jibiya har ta dangana da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Unguwannin da ke kewaye da ita, kamar sauran unguwannin cikin birni, cike suke da yara. Da la'asar sakaliya, bayan an taso daga Islamiyya, duk lungun da mutum ya leƙa zai tarar da su. Maza na langa ko suna gara tsohuwar taya, mata sun zauna a inuwa suna carafke, wasu sun zana 'yar gala-gala a ƙasa, ƙananansu kuwa suna tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani. Manya kan ɗauki wannan a matsayin shiririta, abin da yaro ke yi kafin ya yi hankali. Binciken masana ilimin halittu kuwa ya nuna cewa a cikin wannan tsalle-tsalle da guje-guje ne ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, hannunsa ke koyon riƙo, harshensa ke warwarewa.

Sai dai akwai yaron da ba a ganinsa a lungu. Yana can cikin ɗaki kwance bisa tabarma, ko dai don wuyansa bai tsaya ba, ko hannunsa ɗaya ya naɗe, ko kuwa tamowa ta tsotse shi har ba shi da kuzarin kallon abin da ke gabansa. Irin wannan yaro ya yi hasara biyu: cutar da ta same shi, da kuma wasan da cutar ta raba shi da shi. Hasara ta biyun ce wani fanni na kiwon lafiya ya ɗauki nauyin magancewa, kuma a kansa wannan maƙala za ta yi bayani.

Mene ne jinya ta hanyar aiki?

A asibitoci da sunansa na Ingilishi ake kiran fannin, wato okufeshinal terafi. Da Hausa ana iya ce masa jinya ta hanyar aiki. Aikin da ake nufi a nan shi ne duk wata hidima da mutum ke cika yininsa da ita, kamar cin abinci da wanka da sa tufafi da alwala da rubutu da sana'a. Idan cuta ko haɗari ya hana mutum yin waɗannan da kansa, masanin wannan fanni ne ke taimaka masa ya koma yinsu. Wani lokaci mutumin yake horarwa, wani lokaci aikin yake sauƙaƙawa, wani lokaci kuma kayan aikin ko wurin da ake yinsa yake gyarawa.

Jama'a kan haɗa fannin da sashen gashi na asibiti, alhali akwai bambanci. Ma'aikacin gashi ya fi mai da hankali ga ƙarfin tsoka da motsin gaɓa da tafiya. Masanin jinyar aiki kuwa tambayarsa ita ce: da wannan hannun, yaron zai iya kai loma bakinsa? Zai iya riƙe fensir? Zai iya shiga cikin sa'o'insa? Fannonin biyu tare suke tafiya, kowanne na cike giɓin ɗan'uwansa.

An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan aiki a watan Maris na 1917 a garin Clifton Springs da ke Amurka, kuma fannin ya bunƙasa wajen jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda aka riƙa koya wa saƙa da sassaƙa don hannuwansu su farfaɗo. A 1952 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya. A Nijeriya, wata dokar soja ta 1988 ce ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista, tare da masu gashi da masu gyaran magana.

To, idan aikin babba shi ne noma ko kasuwanci, mene ne aikin yaro ɗan shekara uku? Wasa ne. Wata malamar fannin mai suna Mary Reilly ta fitar da littafi a 1974 inda ta nuna cewa ta hanyar wasa yaro ke binciken duniya, yake tara ƙwarewar da zai yi karatu da sana'a da ita. Don haka ne ɗakin da ake duba yara a wannan sashe ya fi kama da filin wasa fiye da ɗakin likita.

Abin da wasa ke yi wa ƙwaƙwalwa

Ranar da aka haifi jariri, nauyin ƙwaƙwalwarsa tsakanin giram 350 ne zuwa 400, wato kusan rubu'in ta babban mutum, wadda kan kai giram 1,300 zuwa 1,400. Kafin ya cika shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. Abin lura shi ne, yawancin ƙwayoyin jijiya, waɗanda yawansu ya kai kimanin biliyan 86 a kan babban mutum, da su aka haifi jaririn. Abin da ke ƙaruwa shi ne rassan da ƙwayoyin ke fitarwa, da mahaɗar da ke tsakaninsu, da kuma wani farin kitse da ke naɗe jijiya kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki. Jijiyar da ba ta da wannan kitse saƙo na bin ta da gudun kimanin mita 1 a daƙiƙa, wadda ta naɗu sosai kuwa gudun na iya kai mita 100.

Ƙa'idar da mahaɗan nan ke bi mai sauƙin fahimta ce. Wadda ake yawan amfani da ita ta yi ƙarfi, wadda aka bari ta shafe. Misalinsu kamar turbar gona ne: wadda ake bi kullum ta fito fili, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Duk sa'ad da jariri ya miƙa hannu ya kuskure abu, ya sake miƙawa, turba yake fitarwa tsakanin ido da hannu.

Gwaje-gwaje biyu sun tabbatar da haka. A shekarun 1960, David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa a watanninsu na farko. Da aka buɗe, idon lafiyarsa lau, amma ƙwaƙwalwa ta daina karɓar saƙonsa. Da aka yi wa manyan kyanwoyi haka, ba abin da ya same su. Wannan bincike, wanda ya sa aka ba su lambar Nobel a 1981, ya nuna cewa akwai wani ƙayyadadden lokaci da ƙwaƙwalwa ke jiran darasi, idan ya wuce koyo ya yi wuya. A 1964 kuma Marian Diamond da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya suka kwatanta ɓerayen da aka rena tare cikin keji mai tsani da kayan wasa, da waɗanda aka ware su kaɗai cikin keji fayau. Ɓawon ƙwaƙwalwar na farkon ya fi kauri da kimanin kashi 6 cikin 100.

Ɓera dai ba mutum ba ne, amma an ga kwatankwacin haka ga 'yan Adam. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, an gano dubban yara a gidajen marayu kwance cikin gadaje, ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu wasa. Binciken da aka fara a birnin Bukares a 2000 ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi waɗanda aka jinkirta farfaɗowa ta fuskar basira.

Matakan girma da matakan wasa

Girman yaro na da tsari. Daga kai yake farawa ya gangara ƙasa, kuma daga tsakiyar jiki ya nufi yatsu. Wuya ke fara tsayawa, sannan baya ya yi ƙarfi yaro ya zauna, sannan ƙafafu su ɗauke shi. Masu iya magana sun ce da rarrafe yaro kan tashi. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamakon bibiyar yara masu lafiya a ƙasashe biyar, wato Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka. An samu cewa zama ba tare da jingina ba kan zo tsakanin kimanin wata 4 zuwa 9, tafiya ba riƙo kuwa tsakanin kimanin wata 8 zuwa 18. Tazarar na da faɗi, saboda haka ba abin tashin hankali ba ne idan ɗan maƙwabta ya riga naka tafiya da wata biyu. Wuce iyakar tazarar shi ne abin dubawa.

Hannu ma haka yake. Jariri da tafi yake fara damƙa, sai wajen wata 9 zuwa 12 yake iya tsinkar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni. Wannan riƙo shi ne tushen riƙe cokali da allura da alƙalami.

Hulɗa da sauran yara ita ma mataki-mataki take zuwa. A 1932 Mildred Parten ta bayyana yadda ta lura da yaran wata makarantar reno a Amurka. Ƙaramin yaro kan yi wasa shi kaɗai, ko ya tsaya yana kallon wasu. Daga nan sai ya zauna kusa da wani, kowa na harkar gabansa. Sannan su fara musayar kaya da magana. A ƙarshe, wajen shekara 4 zuwa sama, su haɗu kan wasa ɗaya mai doka da rabon aiki. Masanin jinyar aiki kan duba matakin da yaro yake a kai, ya fara daga nan, ko da shekarunsa sun wuce matakin.

Wasannin Hausawa a idon masani

Babban makamin wannan fanni shi ne fayyace aiki, wato a ɗauki aiki guda a warware shi zuwa ƙananan ƙwarewar da ke cikinsa. Idan aka yi wa wasannin lungu haka, za a ga abin mamaki.

A ɗauki carafke. Yarinya ta cilla tsakuwa sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe ta saman kafin ta faɗo. Kafin ta iya haka, dole bayanta ya riƙe ta a zaune ba tare da dafa ƙasa ba. Dole idonta ya bi tsakuwar, ƙwaƙwalwarta ta auna lokacin faɗowarta. Dole kuma hannunta ya rabu biyu wajen aiki: ƙananan yatsu na danne tsakuwoyin da aka riga aka kwasa a tafi, babban yatsa da manuni na tsinkar wata. Wannan rabuwar aiki ita ake buƙata wajen rubutu da ɓalla maɓallin riga. Ga lissafi, ga jiran layi, ga haƙuri idan an faɗi.

Langa kuwa darasin daidaito ne. Ɗalibai sun san hanyoyin ji guda biyar, amma akwai wasu biyu da ba a cika ambata ba. Na farko na can cikin kunne, inda wasu lanƙwasassun bututu uku masu ruwa ke sanar da ƙwaƙwalwa duk juyin da kai ya yi. Na biyu na cikin tsoka da gaɓɓai, shi ke sa mutum ya san inda ƙafarsa take ko da ya rufe ido. Yaron da ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar, abokin hamayya na ture shi, waɗannan biyun yake horarwa, tare da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda ke daidaita motsi. Wata masaniyar fannin mai suna Jean Ayres ce ta ja hankali ga muhimmancin waɗannan hanyoyin ji a shekarun 1970.

A wasan gaɗa, yarinya kan saki jiki ta faɗa ta baya ƙawayenta su tare ta, ana tafi ana waƙa. A nan an haɗa daidaito da bin kari da haddar kalmomi da amincewa da wasu. Mai haɗa motar kara yana koyon tsara aiki daga farko zuwa ƙarshe da kuma amfani da hannu biyu, ɗaya na riƙo ɗaya na aiki. Mai dara yana koyon hangen abin da abokin wasa zai yi.

Dokin kara da 'yar tsana da tuwon ƙasa da kwaikwayon tashe kuwa sun shafi karatu kai tsaye. Yaron da ya hau kara ya ce doki ne, ya gane cewa abu na iya tsayawa a madadin wani abu. Wannan fahimta ita zai yi amfani da ita ranar da malami ya nuna masa zane a allo ya ce masa wannan zanen sauti ne.

Abubuwan da ke raba yaro da wasa

Na farko shi ne shanyewar gaɓɓai da ke biyo bayan raunin ƙwaƙwalwa tun yaro na ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon ƙuruciya. A duniya tana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000. A Nijeriya, manyan musabbabanta sun haɗa da doguwar naƙudar da ke hana jariri numfashi da wuri, da shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa. A ƙasar Hausa akan kira wasu daga cikin irin waɗannan yara 'yan ruwa, a danganta lamarin da iska, a ɓoye su a ɗaki. Gaskiyar magana ita ce lalurar ba ta yaɗuwa, raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, kuma da yawa daga cikin yaran hankalinsu garau yake. Abin da ke ƙaruwa shi ne sandarewar gaɓɓai da ci bayan basira idan aka bar yaro kwance shekara da shekaru.

Akwai kuma shan inna. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikin jama'a. Akwai makanta da kurumta, akwai kuma galahanga, wadda kan sa yaro ya kasa gane dokokin hulɗa ko ya ƙi hayaniya da taɓi.

Sai kuma tamowa, wadda ta fi duk sauran yawa a wannan yanki. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara jinyar masu tamowa a Jihar Katsina a 2021, ta sanar cewa a watanni shida na farkon 2025 ta kula da yara kusan 70,000 a jihar, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta. Waɗanda suka rayu suna fuskantar wani haɗarin da ba a cika zancensa ba. Yaro mai tamowa shiru yake, ba ya miƙa hannu, ba ya dariya. Da yake ba ya neman wasa, na kusa da shi su ma sai su rage yi masa. Ƙwaƙwalwar ta rasa abincin da za ta gina kitsen jijiya, ta kuma rasa motsin da zai fitar da turba. Saboda haka ne cikin matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, na tara ya tanadi a riƙa yi wa yaro wasa mai tsari na minti 15 zuwa 30 kowace rana, tare da mahaifiyarsa.

Darasi daga Jamaika

Shin wasa na da tasirin da za a iya aunawa ga yaron da yunwa ta taɓa? Amsa mafi ƙarfi ta fito ne daga birnin Kingston na ƙasar Jamaika. A 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su, suka kasa su gida huɗu. Kashi na farko aka riƙa ba su madara. Na biyu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Na uku suka sami duka biyun. Na huɗu kuwa kulawar asibiti da aka saba kawai suka samu.

Bayan shekara 2, madara ta yi amfani, wasa ya yi amfani, waɗanda suka haɗa biyun suka fi kowa ci gaba. Da aka ci gaba da bibiyarsu, sai tasirin madara ga basira ya dusashe, na wasa ya dore. A 2014 mujallar Science ta buga cewa bayan kimanin shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa sun fi sauran samun kuɗin shiga da kashi 25 cikin 100. Wannan ba ya nufin wasa na maye gurbin abinci, domin yaro mai tamowa abinci da magani ke ceton ransa. Abin da binciken ya nuna shi ne cewa cika ciki kaɗai bai isa ba, kuma iyaye mata talakawa da tarkacen gida ne suka yi aikin.

Yadda masanin ke aiki

Alal misali, a ɗauka an kawo yarinya 'yar shekara 4 wadda shawara ta taɓa tun tana jaririya, zamanta bai yi ƙarfi ba, hannunta na dama kuma a dunƙule yake. Masanin zai fara da tambayar uwa abin da ta fi so 'yarta ta iya, ya kuma lura da abin da yarinyar ke sha'awa. A ce uwa na so ta ci tuwo da kanta, yarinyar kuma idonta na kan masu carafke.

Mataki na farko zama ne, domin hannu ba ya sakewa sai gangar jiki ta tsaya. Kafinta na unguwa na iya haɗa 'yar kujera mai kusurwa da za ta tallafi baya da kafaɗu, da ɗan tebur a gaba. Daga nan sai a sauƙaƙa wasan. Maimakon tsakuwa, a ɗinka ƙunshin wake cikin tsumma, wanda ya fi girma kuma ba ya gangarewa. Maimakon cillawa sama, ta fara da ɗauka ta jefa cikin kwano. Idan ta ƙware, a rage girman ƙunshin, a nisanta kwanon. Sirrin shi ne aikin ya ɗara ƙarfinta kaɗan, kada ya yi sauƙin da zai gundure ta, kada ya yi wuyar da za ta fid da rai. Cokali kuma a naɗa wa mariƙinsa tsumma ko roba ya yi kauri, ya zauna a tafinta.

Akwai dabarar da ake sa wa lafiyayyen hannu safa na wani ƙayyadadden lokaci don yaro ya yi amfani da mai raunin, akwai kuma wasannin da ke tilasta amfani da hannu biyu tare. Nazarin da ya tattara bincike masu yawa a 2013 da 2020 ya nuna cewa waɗannan dabaru, da horo kan ainihin aikin da ake so yaro ya iya, su ne suka fi ƙarfin hujja ga masu wannan lalura. Dabarar safa dai ba a yinta sai da jagorancin masani.

A ƙarshe, masanin zai koya wa uwa da yayyen yarinyar abin da za su riƙa yi, domin awa guda a asibiti ba ta kai yini guda a tsakar gida ba. Burinsa shi ne a fito da kujerar ƙofar gida, yarinyar ta shiga layi cikin sa'o'inta.

Abin da malamai da ɗalibai za su iya yi

Masana wannan fanni ƙalilan ne a Nijeriya, kuma yawancinsu a manyan asibitoci suke. Saboda haka nauyi mai yawa na kan gida da makaranta.

Abu na farko shi ne sanin alamun da ke buƙatar likita. Jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi rawaya a kwanakin farko, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙo. Haka nan yaron da bai zauna ba bayan wata 9, ko bai yi tafiya ba bayan wata 18, ko yake amfani da hannu ɗaya tak kafin ya cika shekara, ko ba ya juyowa idan an kira shi, ko ya manta abin da ya riga ya iya. A cikin Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai Yar'adua, inda likitan yara zai duba ya tura inda ya dace.

Na biyu, ɗalibin sakandare mai ƙane ko ƙanwa a gida ya riga ya sami wurin aiki. Robar ruwa da aka zuba wa tsakuwa aka ɗaure murfinta tam, da kwanoni masu shiga cikin juna, da ƙwallon tsumma, da kwali, duk kayan wasa ne. A kiyaye dai, duk abin da zai iya shiga baki ya maƙale, kamar tsakuwa da gyaɗa da murfin kwalba, a nisanta shi daga yaron da bai kai shekara 3 ba. A riƙa kifa jariri bisa cikinsa yana farke ana kallonsa, don wuyansa ya yi ƙarfi. A kuma rage miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a bar wanda bai kai shekara 2 ba yana kallon allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa guda a rana.

Na uku ya shafi malamai. Lokacin tara ba lokacin banza ba ne, kuma hana yaro fita tara a matsayin horo na rage masa abin da zai taimake shi zama cikin aji. Ɗalibi mai naƙasa kada a mai da shi mai gadin jakunkuna. A gyara dokar wasa, a rage faɗin fili, a sa abu mai ƙara cikin ƙwallo don makaho ya ji ta. Malamin ilimin halittu na iya ba ɗalibai aikin zaɓar wasa ɗaya na unguwarsu, su fayyace gaɓɓai da hanyoyin jin da yake amfani da su, sannan su kawo yadda za a sauƙaƙa shi ga mai hannu ɗaya ko mara gani.

Kammalawa

Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya sanya wasa cikin haƙƙoƙin kowane yaro. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, a 2024 kuma Majalisar ta ware 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya. Doka da ranar biki dai ba sa ɗaga yaro daga tabarma, sai an sami mai ilimin yin hakan. Ana karanta wannan fanni a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da kuma makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas. Ɗalibin kimiyya da ke shirin cike takardar shiga jami'a, wanda bai san wani aikin asibiti ba sai likita da malamin jinya da mai haɗa magani, ya kamata ya san cewa akwai wannan ma, kuma ƙasar Hausa na matuƙar buƙatar masu yinsa da harshen da uwa da ɗanta ke ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara ba su da yawa.